Wadda Ta Binne Kaboyi

Har yau ban manta da daren da ekta ya mutu a silimarmu ta Sabon Gari ba. Ku da nake aiki da ku a gidan kallon ƙwallon nan na Samaru, kun saba ganina a bakin ƙofa ina yanka tikiti ina gyangyaɗi, kuna ce mini Baba Ofareta, amma na san babu wanda ya taɓa tambayar kansa daga ina sunan ya fito. To tunda an ɗauke wuta, janareton naku kuma ya ce yau hutu yake, ku jawo benci ku ji. A ƙarshen shekarun 1970 ni ne mai sarrafa majigi a ɗaya daga cikin silimun Sabon Gari. Ba zan faɗi sunanta ba. Yanzu sito ce ta buhunan taki, kuma duk ranar da keke ya bi da ni ta gabanta sai na kau da kai, don ba na son ganin yadda aka toshe tagogin ɗakina da bulo.

Sai na fara bayyana muku yadda aikin yake, tunda ku danna rimot kawai kuka sani. Silimar ba ta da rufi. Doguwar katanga ce ta kewaye fili, farin bango a gaba, bencina kusa da bangon na masu ƙaramin tikiti, kujerun ƙarfe a baya na ma'aikatan reluwe da malaman makaranta da ɗaliban jami'a masu zuwa daga nan Samaru. Saboda rashin rufin, ba ma fara nuna fim sai duhu ya shiga. Can baya a sama akwai wani ɗan ɗaki mai ƙananan tagogi, nan majigi biyu suke, nan ne kuma ofishina. Fim yakan zo daga kamfanin da ke rabawa a Kano cikin gwangwanaye, kowane gwangwani da naɗi ɗaya, muna ce masa ril. In ril ya kusa ƙarewa a wannan majigi sai ka tada ɗayan, yadda ɗan kallo ba zai gane an sauya ba. Hasken kuwa ba na ƙwan lantarki ba ne. Sanduna biyu ne na kabon da ake kusanta bakinsu su kama wuta, suna ci suna ƙarewa kamar kyandir, kai kuma kana matsar da su. Ka yi sakaci hoto ya dushe, ko fim ya tsinke, abin da za ka fara ji daga ƙasa shi ne sunan mahaifiyarka. Uwata, Allah ya ba ta hutawa, ta sha zagi a Sabon Gari a bakin mutanen da ba su taɓa ganinta ba.

A tsarin aiki manaja ne a sama, sai akawu mai sayar da tikiti, sai ofareta, sai masu tsaron ƙofa. Manajanmu Oga Nwosu, Ibo ne, amma a Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa, ni da na zo daga ƙauyenmu na wajen Kachia. Lokacin tashin hankalin da ya jawo yaƙin basasa ya gudu Gabas, bayan yaƙi ya dawo ya kama aikinsa, kuma kafin wannan abin da zan ba ku labari ban taɓa jin ya ɗauko zancen abin da ya gani a can ba. Mutum ne mai faɗa da tsantseni. Ko guntun kabon ka yar a ƙasa sai ya ɗauka ya nuna maka cewa da sauransa.

A lokacin finafinan Indiya da na Caina sun fara ture na kaboyi, amma mutanen benci ba su sake su ba. Kuma suna da dokarsu, wadda ba a rubuta ba amma kowa ya sani. Jarumin fim shi ne ekta, mugun shi ne bos. A daki ekta, a ɗaure shi, a ja shi a ƙasa da doki, duk sun yarda, har ma daɗi suke ji don sun san zai rama. Abu ɗaya ne ba a yi: ekta ba ya mutuwa. Yawancinsu ba sa jin Turancin da ake yi ta hanci, ba su kuma damu ba. Ɗan dako ya wuni yana ɗaukar buhu a tasha, ya ware kuɗin tuwonsa ya sayi tikiti, abin da ya saya shi ne ya ga mutum ɗaya da duniya ba ta iya kayarwa ba.

Fim ɗin da nake ba ku labari ya iso ne da damina, a makare, motar Kano ta sauke shi ana kiran Magariba. A ƙa'ida sai na warware kowane ril na duba shi kafin a nuna, amma ranar ba hali. Na ɗora kawai, ni da 'yan kallo muka gan shi tare.

Tun farko ya fita daban. Ektan tsoho ne, gemu buzu-buzu, riga ta yi baƙi ƙirin da dauɗa, ga tari. An gama wani yaƙi a ƙasarsu, an sallame shi daga soja, yana kan hanyar komawa gida wajen matarsa. Ramammen doki gare shi da jaki, a bayan jakin ya ɗaure keken ɗinki, tsarabar da zai kai mata. Ya yada zango a wani gari mai rijiya ɗaya tak, wadda bos ya kewaye da waya yana sayar da ruwan. Tsohon bai nemi faɗa ba, ruwa kawai ya roƙa wa dabbobinsa. Yaran bos suka yi masa dukan kawo wuƙa, suka harbe dokin a gabansa. Da ya tashi ramawa kuma, babu irin tsayuwar nan ta maza biyu a tsakiyar titi kowa hannu a kan libarba. Ƙarƙashin amalanke ya shige cikin taɓo yana harbinsu ta baya, ɗaya ma ya daɗe yana birgima yana kuka kafin ya cika. Bos kuwa yana cin abinci tsohon ya same shi ya harbe shi. Da ya yanke wayar rijiya ko sannu mutanen garin ba su ce masa ba, kowa ya ruga da guga. Ril na biyar ya ƙare yana hawa wani tudu a ƙafa, yana jan jakinsa. Mutanen benci suka ɗauki tafi da fito, wasu har sun fara neman takalmansu.

Sai na tada ril na shida. Tsohon ya sa hannu cikin riga, ya fito da shi jina-jina. Ya yi ta tafiya cikin wani fako har ya faɗi kusa da wata bukka. Wata mata ta fito, ba ƙabilarsa ba ce, ba ta jin yarensa. Ta ɗaga kansa ta ba shi ruwa, ya yi wata magana da ba ta gane ba, ya mutu. Ta ɗauko fartanya ta fara haƙa. Babu kiɗa, babu magana, sai ƙarar fartanya da numfashinta. Ta naɗe shi da bargonta, ta ja shi cikin ramin, ta rufe, ta jera duwatsu. Jakin ya juya ya kama hanya shi kaɗai da keken ɗinkin a bayansa. Rubutun ƙarshe ya fito.

Da farko filin ya yi tsit, ana jiran ekta ya tashi. Da aka ga na kunna fitilu sai wuri ya hargitse. “Ƙarya ne! Ekta ba ya mutuwa!” Ɓawon rake ya fara zuwa, sai kwalabe, sai duwatsu. Aka karya bencina, aka fasa gilashin tagata ɗaya, masu tsaron ƙofa suka buɗe ƙyaure suka yi ta kansu. Ni dai na sa sakata na zauna a ƙasa tsakanin majigi biyu ina karanta duk addu'ar da na iya.

Washegari da safe Oga Nwosu ya kira ni ofis. Bai ko amsa gaisuwata ba.

“Istifanus, mako guda muka ɗauki fim ɗin nan, kuma ba zan mayar da shi yau ba. Ka san yadda za ka yi mutumin nan ya rayu.”

“Oga, ai ba ni na kashe shi ba.”

“Ban tambaye ka wanda ya kashe shi ba. Ka tashe shi kafin yamma.”

Aikin bai yi wuya ba. Na yanko rubutun ƙarshe daga wutsiyar ril na shida, na kankare bakinsa da reza, na shafa ruwan haɗi mai warin nan da ke hawa kai, na manna shi a wutsiyar ril na biyar. Yanzu tsoho ya hau tudu da jakinsa, shi ke nan an tashi. Na shida kuwa na mayar gwangwaninsa na tura ƙarƙashin tebur. Ba yabon kai ba, haɗin ya yi kyau, ko tsalle hoton bai yi ba.

Kan ka ce kwabo gari ya ɗauka. Fili ya riƙa cika maƙil, mutanen benci suka sa wa tsohon suna Mai Jaki, yara a tasha suna kwaikwayon tarinsa. Waɗanda suka ga mutuwar a ranar farko suka yanke hukunci cewa ai ofareta ne ya bugu, ya haɗo ril ɗin wani fim daban. Har wani ya tare ni a kasuwa ya ce ya yafe mini. Ɗaliban Samaru ne kawai suka ƙi yarda. Su mutuwar ce ta burge su, suka koma suka kwaso abokansu a bas wai su zo su ga fim ɗin kaboyi na farko da ya faɗi gaskiya, suka tarar da mutum da ransa. Suka miƙe a kan kujeru suna ihu, “Ofareta, ina ril na shida?” Mutanen benci suka juyo suka ce 'yan boko su zauna ko a zaunar da su. Suka zauna.

To a bakin ƙofar silimar, gindin wata bishiyar dogon yaro, akwai mai tuyar ƙosai da doya, Maman Ladi. Ta girme ni nesa ba kusa ba, cocinmu ɗaya, tana cikin zumuntar mata. Shekaru tana tuya a wurin amma ko sau ɗaya ba ta taɓa sa ƙafa ciki ba, don a zamanin macen da ke tsaron mutuncinta ba ta shiga silima. Da kunne ta san finafinai. Daga ƙarar da ke tsallako katanga take gane an kusa tashi, ta ƙara wuta. Mijinta soja ne, kofur, ya tafi yaƙi Gabas bai dawo ba. Wani abokinsa ya ce ya gan shi da rauni a bakin wani rafi, wani ya ce kama shi aka yi, a bariki kuwa abin da aka ce mata kawai shi ne ba a gan shi ba. Kusan shekara goma ke nan. 'Yan'uwansa da dattawan coci sun yi juyin duniya ta yarda a yi masa sujadar tunawa, a rufe maganar, ta ƙi. Ta ce ba ta zaman makokin wanda ba a binne ba.

Ana tsakiyar makon nan na zo wucewa da la'asar ta kira ni.

“Istifanus, zo mana. Wai gaskiya ne abin da yaran nan suke faɗa ran da aka yi rigima? Wai mace ce ta binne shi?”

“Haka ne, Mama.”

“'Yar'uwarshi ce?”

“A'a. Ba ta san shi ba, ko yarenshi ba ta ji.”

Ta yi ta juya ƙosai, har wasu suka fara ƙonewa. “Ba ta san shi ba, ta binne shi. Rami ta haƙa sosai, ko ƙasa kawai ta ja ta rufe?”

“Mama, fim ne fa. Wasa ne.”

“Na san wasa ne, ni ba yarinya ba ce.” Ta rage murya. “Ba mutuwarshi ke hana ni barci ba, ɗana. Soja ne, na san abin da na aura. In na rufe ido a fili nake ganin shi, ba kowa, sai ungulu. Ina so in ga yadda ake yi, ko da wasa ne. Ka nuna mini.”

Na ce mata zan gwada, ban kuma san ta inda zan fara ba. A fili dai ba zai yiwu ba, kuma ƙarshen mako motar Kano za ta zo ta kwashe gwangwanayen, daga nan sai wani gari, ba za mu sake ganinsu ba. Na je na samu Oga Nwosu, na ce akwai wata 'yar cocinmu da ke son ganin ril na shida a ɗakin majigi.

“Ka san dokar kamfani,” in ji shi. “Ba mai hawa ɗakin nan sai ma'aikaci. Wuta ta tashi wa zai amsa? Balle mace, balle matar zumunta. Gobe fastonku ya zo ya tsaya mini a ƙofa. Nan silima ce, ba coci ba.”

Ban faɗa masa dalili ba. Ta yaya zan dubi mutumin da ya sha yaƙin daga wancan ɓangaren in ce masa matar sojan da ya je yaƙarsu ce? Na ce to, na fita.

Aikin ne da kansa ya ba ni hanya. Kamfani ba ya karɓar fim a yanke. Kafin a mayar dole in cire rubutun ƙarshe in maida shi inda na ɗauko shi, kuma ƙa'ida ce duk haɗin da aka yi sai an bi da ril ɗin ta cikin majigi an tabbatar ba zai tsinke wa na gaba ba. Tunda haɗin a wutsiya yake, sai ril ɗin ya tafi tun daga kai. Matsalar ita ce da rana ba a ganin komai a farin bango. Sai na toshe tagogi da buhu, na kafa madubin askina a gaban majigi ya karkato da hasken zuwa bangon gefe, na yi ta murɗa gilashin bakin majigin har hoton ya fito, bai fi faɗin tire ba.

Ranar da motar za ta zo, da azahar, Maman Ladi ta hawo ta matakalar baya da kwano a rufe a kanta, kamar wadda ta kawo mini abinci. Da ta sauke na ga babu komai a ciki. Ta dubi injinan nan baƙaƙe ta ja baya, na ce ba sa cizo. Na zaunar da ita a kan akwatin gwangwanaye, na rufe ƙofa, na kunna kabon. Ɗakin ya ɗauki zafi nan take.

Na faɗa mata a taƙaice wane ne tsohon da inda za shi. Ta ce, “Keken ɗinki,” ta gyaɗa kai. Ta harɗe hannu a cinya tana kallo. Da ya faɗi ba ta motsa ba. Da matar ta ba shi ruwa sai ta ɗan sunkuyo gaba. Da aka fara haƙa, fartanya na dawowa daga ƙasa, sai na ji ta ce a hankali, “Ƙasar ta yi tauri. Da ta zuba ruwa tukuna.”

Ana cikin haka ƙofa ta buɗe, haske ya shigo ya wanke hoton. Oga Nwosu ne, ya ji ƙarar majigi daga ofis.

“Istifanus, me ka...”

Maman Ladi ta miƙe zumbur. “Oga, ka yi haƙuri. Ni na roƙe shi, ba laifinshi ba ne.”

Ni kuwa ba ni da damar tsayar da inji, don in fim ya tsaya a gaban wutar kabon ƙonewa yake yi. Na riƙe maɗaurin kabon ina jiran a ce in kwashe kayana. Ya dube ta, ya dubi bangon da hoton ke rawa a kai. Ban san abin da ya gani a fuskarta ba. Sai kawai ya shigo ya ja ƙofar, duhu ya dawo. Ya ce, “Zauna, Mama, ki ƙarasa.” Ya jingina da ƙyaure, mu uku muka ga an naɗe tsohon da bargo, an rufe shi, an jera duwatsu.

Da wutsiyar ril ta fita na kashe wuta. Ƙarfen inji ya riƙa ƙas-ƙas yana hucewa. Can ta ce, ba da kowa take ba, “A fim ne kawai ake yin haka ko? Mutum ya binne wanda bai sani ba.”

Oga Nwosu ya ce, “Wa kika rasa?”

“Mijina. Soja ne. Can wajenku ya tafi.”

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Oga Nwosu ya murza ɗan makullin da ke hannunsa. Sannan ya fara magana da wata murya da ban san shi da ita ba.

“Ina da gwaggo a ƙauye, yayar babana, ba ta taɓa zuwa Arewa ba. Bayan sojoji sun wuce ta garinmu ta je gonar rogo, ta tarar da ɗaya a kwance. Naku ne, da tsaga a fuska. Da sauran ranshi. Ta ba shi ruwa, ya yi ta magana, ita ba ta jin Hausa, mu masu ji kuma muna daji a ɓoye. Kafin yamma ya cika. Mutanen gari suka ce a ja shi a yar a daji, abokin gaba ne. Ta ce ba a gonarta ba. Ita da wani tsoho suka haƙa, ta kwance zaninta na sama ta naɗe shi.”

“Don me?” in ji Maman Ladi.

“Ɗanta ya zo kasuwanci nan Arewa kafin rikici, bai koma ba. Ta ce ko Allah zai sa wata ta yi wa nata haka. Har yau ba ta noma wurin.”

“Dogo ne?”

“Ban gan shi ba, Mama, ba zan yi miki ƙarya ba. Sojoji da yawa suka faɗi a ƙasar nan. Ba lalle ne naki ba.”

“Na sani. Ta yi mashi addu'a?”

“Ta yi irin wadda ta iya.”

Nan Maman Ladi ta rufe fuska da gefen ɗankwalinta ta fashe da kuka, irin kukan da ya daɗe a ajiye. Ni ma ban iya riƙewa ba, ba kuma na jin kunyar faɗa muku. Oga Nwosu ya buɗe ƙofa, ya tsaya yana ba mu baya. Ya ce, “Istifanus, ka naɗe ril ɗin nan, motar Kano ta kusa.” Ya sauka. Bai sake ɗauko maganar dokar kamfani ba, ni ma ban tuna masa ba.

Bayan 'yan makonni aka yi sanarwa a coci cewa Maman Ladi ta yarda a yi wa kofur sujadar tunawa. Dattawa suka yi ta mamaki, kowa na cewa wa'azinsa ne ya ratsa ta. Na yi shiru abina. Ran sujadar ina waiwayawa sai na hango Oga Nwosu a bencin ƙarshe da kwat ɗinsa, shi da ba cocinmu yake zuwa ba. Da aka tashi ta ratsa mutane ta same shi a bakin ƙofa, ina tsaye kusa.

“Oga, in ka je gida ka ce wa gwaggonka na gode.”

“Mama, na faɗa miki, ba lalle ne...”

“Na ji, ban manta ba. Amma ni nan na ajiye shi, bayan gonar rogon.”

Ya sunkuyar da kai ya ce zai faɗa mata.

Na yi shekaru da yawa bayan nan a ɗakin majigi, har bidiyo ya shigo ya kashe mana kasuwa, aka sayar da injinan a matsayin ƙarfe. Su biyun duk sun riga mu gidan gaskiya. Ina kewarsu, ina kewar warin kabon, har zagin nan da ke tasowa daga ƙasa ina kewarsa. Abin da aikin ya koya mini shi ne, mutum ba hoto yake zuwa kallo ba, abin da ya rasa yake zuwa nema. Mutanen benci sun biya don kada a mutu, kuma ban taɓa ganin laifinsu ba. Ita kuwa ta yi shekaru a bakin ƙofarmu tana neman wanda zai nuna mata cewa ana mutuwa a ƙasar da ba a san mutum ba, a kuma samu mai rufe shi. Don haka in kun ga wani ya zauna shi kaɗai bayan an tashi daga wasa, yana kallon allon da kuka riga kuka kashe, kada ku yi saurin ɗaga masa benci. Ku fara share ɗaya gefen.